Mutumin da Iya Ba Ta Faɗin Sunansa

A gidanmu na Ƙofa, in an sauke tukunyar tuwo Iya ba ta barin wuta ta mutu. Sai ta ƙara kara, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, kuma a hannunta na tashi. Baba ya rasu ban isa shiga makaranta ba, mahaifiyata kuma daga baya ta yi aure a Tudun Wada.

Abin da na sani game da shi kaɗan ne. Injiniyan ruwa ne, yana da shanu a wajen Doguwa. Fuskarsa ta ɓace mini, saura ƙanshin madara da man inji. Ina son a ba ni labarinsa kamar me, amma da na tambayi Iya sai ta aike ni ɗebo ruwa. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Har na yanke a raina cewa ba ta son shi, abin yana ci mini rai ƙwarai.

Tatsuniya kuwa ba ta rowarta. Takan ce, “Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?” Mu ce, “Mu ne!” Akwai guda ɗaya da take ajiyewa sai sauran yara sun fara gyangyaɗi, ta wani mutum mai tare ruwa.

Wai mutumin ya yi boko har ya iya sa rafi ya tsaya. Ya haƙa tafki saboda masu lambu da makiyaya, kowa na sa masa albarka. Wata rana ya taso daga aiki, ya tarar ɗan maraƙi ya zame cikin tafkin, ya kasa fita saboda bakin ya yi tsayi, uwar tana ta kuka a gefe. Bai tsaya cire takalmi ba, ya faɗa ruwa da kayan ofis.

“Ya fito da shi a kafaɗa,” in ji Iya, “laka har cikin kunne. Boko dai ya sha ruwa ranar.”

Mu yi ta dariya. Daga nan wai ya ce laifin nasa ne, ya auna ruwa bai auna ƙafar maraƙi ba. Ya ɗauki hutu ya kama shebur tare da lebura, suka kwantar da gefe ɗaya, suka shimfiɗa duwatsu, yadda ko maraƙin da aka haifa jiya zai sha ya hau. Kuma wai yana da ’yar ƙaramar yarinya da ba ya rabuwa da ita. A wuya yake ɗora ta zuwa garke, ita kuma ta riƙe masa kunnuwa, in ta ja dama ya yi dama.

“Iya, yaya sunansa?”

“Ke ƙawata kin cika tambaya. Mutanen tatsuniya suna da suna ne? Cire dankalinki kafin ya ƙone.”

A nan kullum muryarta kan shaƙe, ta ce hayaƙi ne.

Sai bayan na yi aure aikin allurar rigakafi ya kai ni wata ruga a Doguwa. Muka wuce wani tafki, na ga gefe ɗaya a kwance, shimfiɗe da duwatsu, maruƙa suna sauka suna hawa abinsu. Na sa aka tsayar da mota. Na gaida wani dattijon makiyayi da ke jingine da sandarsa, na ce, “Baba, wa ya yi wannan aikin?”

Ya faɗi sunan mahaifina. Ya ce, “Allah ya jiƙan Injiniya. Tare muka kwashi duwatsun nan.” Da na gaya masa ko ni wace ce, ya dube ni ya sake dubawa, ya yi salati. “Ke ce mai jan kunnen?”

A mota na yi kukan da ban yi ba tun ina yarinya. A lokacin na tuna Baba ɗan fari ne. Matan zamanin Iya ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yabonsa, ba sa nuna shi a gaban mutane, ko da yana raye balle ya mutu. Na san al’adar sarai, ban dai taɓa haɗa ta da tatsuniyar ba. Ashe duk shekarun nan ni nake roƙo a ba ni labarinsa, ita kuma tana ba ni kusan kullum.

Na je Ƙofa a satin. Iya ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni. Na zauna kusa da ƙafarta na ce, “Iya, na ga tafkin mai tare ruwa.”

Ta juyo da fuskarta wajena. Can ta ce, “Da ruwa a ciki?”

“Cike yake. Maruƙa na sha.”

Ta ja bakin mayafi ta goge ido. “Hayaƙin nan dai,” in ji ta.

Ranar ko wuta ba a hura ba.