Kananzir da Ingilishin Kawu

Jiya na ji ɗiyata Hadiza tana haddar darasin Ingilishi a tsakar gida, tana ta nanata kalmomin because da so, sai marigayi Kawuna ya faɗo mini a rai. Shi ya koyar da Ingilishi a kolejin Konni har ya yi ritaya. Ko a gida, in ka kai masa magana sai ya ƙwanƙwasa sanda a ƙasa ya ce, "Mi ya jawo? Mi ya biyo baya?" Wallahi haushi abin yake ba ni.

Hadiza na rarrafe muka tsallaka Nijeriya biki tare da Kawu, ta sha kananzir daga wata kwalbar lemo. Kawu ya saɓe ta muka ruga asibiti, muka tarar da likita ɗan kudu, ba Hausa, ba Faransanci. Kuka kawai nake ina nuna ƙirjinta.

"Natsu, ɗiyata," in ji Kawu. "Mi ya jawo?"

Na faɗa masa. Ya juya ya jera wa likita da Ingilishi a tsanake: tana tari because ta sha kananzir, so numfashinta yana sarƙewa. Nan take likita ya sa aka kawo iskar shaƙa. Kafin la'asar ta yi barci a cinyar Kawu, farar rigarsa sai warin kananzir.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Ya yalwata maka kabari kamar yadda Ya yalwata wa yarinyar nan numfashi.