Malam Sada, Wanda Ya Sauke 'Yata Daga Kan Babur

Kafin tandata ta ɗau zafi Malam Sada ya riga ya buɗe shago. Daga masallaci yake wucewa, carbi a hannu ɗaya, makulli a ɗayan. Ba ya fara taɓa sabuwar kwamfutarsa. Tsofaffin nan da ya jera a kan benci, masu ƙaton ƙeya, su yake bi ɗaya bayan ɗaya yana gogewa, yana kunnawa, yana kasa kunne ga gurnaninsu. Wadda ta yi gardama ya dafa ta ya ce, "Haba Hajiya, gari ya waye." Sannan ya leƙo rumfata ya ce, "Maman Jamila, a ware mini masu ƙauri-ƙaurin nan."

Ni ce Baturiya mai waina, ta gefen layin dogo nan Funtua. Rumfata a jikin shagonsa take tun Jamila tana rarrafe. Na ji an ce ƙarshen watan nan zai miƙa wa abokin aikinsa Mannir makulli, ya koma gonarsa wajen Malumfashi, don ido ya fara ba shi wahala. Na ce wallahi ba zai tafi shiru ba.

Mutane mai gyaran kwamfuta suke ce masa, amma ainihin aikinsa wani ne daban. Ya taɓa yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce kwamfuta tana da harsunan da ake rubuta mata umarni da su, kuma ba ta jin harshe sai an girka mata shi. Wannan ƙunshin da ake girkawa kuwa haɗa shi ake yi, kamar yadda nake kai shinkafa niƙa. Injin niƙan nasu kampaila ake ce masa, kuma kullum cikin fito da sabon samfuri ake. In aka niƙa da sabon inji, sababbin kwamfutoci kaɗai ke iya haɗiyewa. Mu kuwa a nan tsofaffin ne ko'ina. To shi ne mai zama ya zaɓi injin da ya dace, ya sake haɗa wa tsofaffin nasu ƙunshin. Ku tambayi Ayuba na gidan gurzar auduga wa ya tayar masa da kwamfutar sikeli. Ku tambayi malaman makarantun wajen Musawa da Matazu, waɗanda aka ce su zubar da nasu a bola, yau ga yara suna koyo a kansu.

Amma ni nawa nake so in faɗa.

Jamila ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Ba zan faɗi sunan garin ba, kun san dalili. Ba sai na gaya wa ɗan yankin nan yadda mutanen daji suka mayar da hanyoyinmu ba. Asibitin yana da tsohuwar kwamfuta guda, da ita take tura rahoton magani duk mako, in rahoto bai zo ba babu maganin da za a sakar musu. Bara da damina aka sauya manhajar rahoton, sabuwar kuma sai da sabon zubin harshen take aiki. Aka ba Jamila ƙunshinsa a filash, ta kai, kwamfuta ta ce ba ta san zancen ba. Sabis ɗin garin kuwa da ƙyar yake ɗaukar ɗan saƙo, balle a sauko da wani abu mai nauyi.

Shi ke nan aka koma gidan jiya. Duk ranar kasuwa sai ta hau babur cikin ayarin 'yan kasuwa, 'yan sintiri gaba da baya, ta kawo rahoto nan Funtua da hannu, ta juya bayan azahar. Da goyon ɗanta Sadiq a baya. Ranar kasuwa ta zame mini ranar fargaba. Da na ji ƙarar babur sai gabana ya faɗi, in ban ji ba ma ya faɗi. Wata rana ta iso ta ce sun wuce babur a kwance a bakin rafi, taya tana juyawa, ba kowa, sai takalmin mace ƙafa ɗaya.

Ranar na ja ta har gaban Malam Sada.

Ya ce, "Ba za a iya kawo kwamfutar nan ba?"

Jamila ta ce, "Baba, wa zai ɗaure akwatin kwamfuta a babur a hanyar nan? Daga nesa za a ce ga mai kuɗi."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi hoton da ta ɗauka na rubutun bayan kwamfutar, ya duba, ya bi bencinsa kaf, babu irinta. Ya ce shi ba ya aika abu inda bai gwada a kan irinsa ba. Ya dinga buga waya har aka samu 'yar uwarta sak a ofishin wata coci a Malumfashi. Salome, sakatariyar wurin, da kanta ta rako ta a mota. Ta ce, "Ku riƙe ta, Malam. Fasto ya rubuta wa'azinsa da hannu, ai bai manta ba." Allah ya saka mata da alheri.

Daga rumfata nake jiyo su shi da Mannir. Mannir ya ce, "Malam, tsohon injin niƙan nan fa an daina kula da shi. Akwai ɓarakar da aka toshe a sabo, shi tana nan a buɗe. Bayanan marasa lafiya ne fa."

Ya ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa ba za mu zarce can baya ba. Daga sabo za mu fara, mu dinga saukowa a hankali. Inda ta fara karɓa, nan za mu tsaya mu duba."

Haka suka yi ta yi. A haɗa, a kai wa kwamfutar Salome, ta tofar. A sauko, a sake. Kowane haɗi sai ya ci musu wuni, in wuta ta ɗauke a tsakiya a koma farko. Ana gobe kasuwa na ji Mannir ya yi kabbara. Ta karɓa! Na bar waina a tanda na yi sujada a nan ƙasa.

Washegari Jamila ta iso lafiya, ta kai rahotonta, muka shiga shago karɓar filash. Malam Sada ya ce ba zai bayar ba.

Na ce, "Ban gane ba. Ba jiya ta karɓa ba?"

"Ta karɓa, Maman Jamila, amma ba ta yi aiki da shi ba tukuna. Yanzu na ɗora mata lissafin magani irin na asibiti. Sai ta wuni tana yi na gani."

"Ta wuni? Ayari bayan azahar zai juya!"

"To sai kasuwa mai zuwa."

Na ji jini ya hau mini ka. Na ce, "Kasuwa mai zuwa! Ka san abin da kake faɗa kuwa? Zuwa ɗaya, komawa ɗaya, ka ƙara mata ke nan. Don ba 'yarka ba ce a kan babur!"

Mannir ya sunkuyar da kai. Malam Sada ya cire tabarau. Ya ce, "Ko 'yata ce ba zan ba ta ba. In aka girka sabon nan, tsohon ya tafi. In ya mutu mata a can, duk bayanan marasa lafiya sun kulle. Ba za ta jira ranar kasuwa ba, kin san halinta. Za ta taho ita kaɗai, ba ayari, ba 'yan sintiri."

Jamila ta gyara goyonta ta ce, "Inna, rabu da shi, gaskiya ya faɗa. Da na taho ɗin."

Ta tafi hannu wofi. Ban ko yi masa sallama ba.

Ta saba da sun isa take kirana. Ranar har aka kira la'asar shiru. Na buga, a kashe. Na buga wa mai babur ɗin, ba ta shiga. Can wani mai gyaɗa ya zo wucewa yana cewa an ji harbi wajen rafi. Wallahi ban san yadda na yi sallar la'asar ɗin nan ba. Waina ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika rumfa, ina zaune da waya a cinya ina ta Hasbunallahu wa ni'imal wakil. A cikin haka na ji Mannir ya yi salati a shago. Kwamfutar Salome ta sandare tsakiyar lissafi, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ashe injin da suka zaɓa ya niƙo wani abu da tsohuwar ƙwaƙwalwarta ba ta iya tauna ba, kuma ba ya nunawa sai aiki ya yi nisa. Na ji, amma ko kai ban ɗaga ba. Ina ruwana da wanda ya yi daidai a lokacin?

Malam Sada ya fito. Bai ce mini "kin gani" ba. Ya sauke tandar daga wuta, ya jawo benci ya zauna nesa kaɗan, ya ciro carbinsa. Haka muka zauna muna jiran waya.

Rana ta yi ja sannan waya ta yi ƙara. "Inna, mun isa. An tsayar da mu a wani gari sai da 'yan sintiri suka duba hanya." Su Allah ya tsare su. Wasu mutum biyu da suka yi gaba ba su jira ayari ba, an shiga daji da su. Har yau ina sa su a addu'a.

Malam Sada ya koma ya ƙara saukowa samfuri ɗaya, ya sake haɗawa. Ɓarakar da Mannir ya ji wa tsoro suka zauna tare suka san yadda suka toshe ta. Satin nan kaf kwamfutar Salome ba ta huta ba, lissafi take yi ba tsayawa. Ni ma ban huta ba, don na san saura zuwa da komawa. Da kasuwa ta zagayo ya miƙa wa Jamila filash da hannu biyu, ya sa ta girka a kwamfutar Salome a gabansa har ta iya. Ta ƙulle shi a haɓar zanen goyo. Washegari da hantsi ta kira ni tana dariya: "Inna, ki gaya wa Baba Sada rahoto ya tafi!"

Malam Sada, kai ne ka ji zagina ka haɗiye, ka ƙi ba ni abin da nake so don ka ba ni abin da ya fi. Kai ne mai tausayin tsohuwar na'ura saboda mutanen da ke jingine da ita. Sunanka ba ya jikin komai, ba wanda ya taɓa kiranka taro ya ba ka lambar yabo. Amma ni na san abin da ka yi, Allah kuma ya fi ni sani.

Mannir, makulli ya zo hannunka. Da kai da duk yaranmu masu wannan aiki, ba na ce ku ƙi sabon abu ba. Amma kafin ku zaɓi inji, ku tambaya wace kwamfuta ce a can ƙauyen, kuma in abin ya ƙi, 'yar wa za ta hau hanya. In ba ku gwada ba, kada ku aika, ko uwa ta zage ku.

Na gode, Malam. Allah ya ba idonka lafiya, ya tsare ka a gona da hanyar gona, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun mutanen daji. Yau ma kasuwa ce. Ɗazu ayari ya shigo, na tsaya bakin rumfa na bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya har babur na ƙarshe. 'Yata ba ta ciki. Alhamdulillahi.