Wasila Mai Bin Duwatsun Sama

A Nahuce, ta ƙasar Bunguɗu, ba wanda ya riƙe sunan karatun Wasila. Cewa kawai ake yi ɗiyar Malam Bawa mai bin duwatsu. Digiri na biyu take yi a kan duwatsun da ke faɗowa daga sama, waɗanda masana ke nazarin duniyoyi da su. Rabin binciken kuma a kan doka ne: in dutse ya faɗo gonar talaka, na wane ne, kuma wa zai hana dillalai ficewa da shi ƙasar waje?

Yayanta Bashar, ɗan kabu-kabu a Gusau, shi ke kai ta ƙauyuka. Yakan bar aikinsa ya zauna gindin bishiya, tana tambayar tsofaffi abin da suka taɓa gani.

Da damina aka ba ta labarin wani makiyayi, Isah, a wata ruga bayan Tsafe, wanda ya tsinci baƙin dutse mai nauyin tsiya bayan wata ƙara da ta firgita shanunsa. Wasila ta ce gobe za su.

“Hanyar nan ba ta da kyau, Wasila,” in ji Bashar. “Zamna, ni in je in amso miki dutsen.”

“Yaya, ka san kalarsa?”

“Shekara biyu ina jiran ki gindin icce. Ko jaki ne ai ya gane.”

Washegari ya tafi shi kaɗai da hantsi. Da la'asar wasu masu kwasar itace suka sami gawarsa a bakin hanya, 'yan bindiga sun harbe shi, sun tafi da babur ɗin.

Wata huɗu ba ta buɗe littafi ba. Innarsu Delu ba ta taɓa ɗora mata laifi ba, da ta ɗora ma da ya fi mata sauƙi. Malam Bawa ne ya same ta wata rana tana tsince wake, ya ce ta tashi ta ƙarasa abin da ta fara.

Ta ƙarasa, an kuma yaba aikin. Yanzu tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gusau. Duk Juma'a takan je Nahuce, ta yi wa 'ya'yan Bashar mata biyu kitso. Ƙaramar har yau takan tambaye ta yaushe Baba zai dawo daga Tsafe.