Inna a Kujerar Bayan Jif

Shekarar da aka ƙara kuɗin banzin, wato fetur, mu a gidanmu na unguwar Kurayyat a Jidda ba a tukunya muka fara jin abin ba, a mota muka ji shi.

Baban yara yana da wata jif fara, doguwa, mai kujeru jere uku. Sai da ya kai takardun yaranmu kaf kafin a yarda a sa ta da sunansa, don baƙo mai iƙama, wato takardar zaman ƙasa, ba a ba shi irinta sai in yana da iyali da yawa. Mutum ne mai sanyin hali, sahun farko ba ya wuce shi a masallaci, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Amma in ya hau kujerar nan ya leƙo ƙananan motoci daga sama, sai in ga kafaɗunsa sun buɗe. Yakan ce, "A titin Jidda babba ake ba hanya. Ƙaramar mota ai gwangwani ce."

Da can ba wanda ke tunanin mai. Sai ga shi ya yi tsada, hukuma kuma ta sa ana manna wa sababbin motoci wata takarda a gilashi, mai launi daga kore zuwa ja, tana nuna yadda kowace ke shan mai. Daga baya aka ce mai yawan sha za ta riƙa biyan ƙari wajen sabunta istimara, wato takardar mota. Irin tamu a cikin ja take, can ƙasa.

Ƙanena, da ke zaune a unguwar Madain Fahd, ya sayar da tasa ya sayi wata 'yar ƙarama. Duk ranar da ya zo sai sun taɓa shi da Baban yara.

"Yaya, wannan raƙumar taka tanki gare ta ko rijiya?"

"Kai dai ja kwanon shanka ka ba mu wuri. In iska ta taso ka ɗora mata dutse."

"Tawa kore ce, hukuma ma ta shaida."

"Kore ai na ganye ne. Awaki ke bin sa."

Abokan Baban yara da ke zama a ƙofar shagon bakin layinmu bayan la'asar su yi ta dariya. Dukkansu manyan motoci gare su, kuma duk wanda ya koma ƙarama cewa suke yi "wane ya sauka", kamar masu ba da labarin rasuwa.

Da zafi ya shigo sai ya ce mini mukayyif ɗin motar, na'urar sanyin nan, ya lalace, kayan gyaransa kuma sai an jira. Ban kawo komai a raina ba. Muka riƙa tafiya gilashi a sauke, iskar teku mai ɗanko tana manna mana abaya a jiki. Abu ɗaya na lura da shi: da mun kusa shagon nan sai ya ɗaga gilasai duka, har sai mun wuce. Na ɗauka kishin iyali ne, ba ya son maza su gan mu. Wallahi har daɗi na ji.

Mahaifiyata, Inna, a wurinmu take tun rasuwar Baba. Tana da ciwon suga da hawan jini, duk wata muna kai ta ganin likita. Ranar da nake magana a kai da rana tsaka aka ba mu lokacin ganinsa, muka fito ni da ita a kujerar baya. A kan gada muka tarar da cunkoso, wai wasu sun yi karo a gaba. Mota ta tsaya, iska ta tsaya. Kujerar fatar nan sai ka ce an sauke ta daga wuta. Ina yi wa Inna fifita da gefen mayafina, ita kuma tana jan carbi, leɓenta na motsi.

Sai na ji carbin ya faɗi.

Na ce, "Inna?" Shiru. Kanta ya langaɓe a kafaɗata, gumi ya jiƙa ta sharkaf, tafin hannunta kuwa sanyi ƙalau. Ban san lokacin da na ƙwala ihu ba: "Baban yara, Inna! Inna za ta tafi!"

Ya waiwayo ya ce innalillahi. Sannan ya miƙa hannu ya danna maɓalli, ya ɗaga gilasai.

Iska mai sanyi ta feso mana daga saman motar. Ba tari, ba gardama, sanyi cikakke kamar ranar da aka sayo ta.

Hannuna yana yayyafa wa Inna ruwa, bakina yana salati, amma idona yana kan ƙeyarsa. Mutumin da ke tashina sallar asuba, wanda in mai shago ya yi masa kuskuren canji sai ya koma ya mayar, shi ne ya bar tsohuwa mai ciwo tana dahuwa a bayansa, alhali sanyin yana ƙarƙashin yatsansa.

Can Inna ta ja numfashi ta buɗe ido, ta ce a hankali, "Wa ya bar firij a buɗe?" Na rungume ta ina kuka.

Likita ya ce zafi ne da ƙarancin ruwa a jiki, kuma ga mai irin ciwonta ba abin wasa ba ne. Aka sa mata ƙarin ruwa. Na fito na sami Baban yara a tsaye jikin bango, kansa a ƙasa.

"Tun yaushe aka gyara mukayyif ɗin?" Na san amsar, amma ina so in ji daga bakinsa.

"Bai taɓa lalacewa ba."

"To me ya sa?"

"Yana ƙara mata shan mai. Ba na iya cika ta yanzu."

"Ka sayar mana, Baban yara! Wa ya ɗaure ka da ita?"

"Su ce na sauka?"

Na tsaya ina kallonsa kamar yau na fara ganinsa. "Gilashin da kake ɗagawa a bakin shago fa?"

"Don su ɗauka a kunne yake."

Na juya na koma wurin Inna, don in na buɗe baki zan faɗi abin da zan nemi gafararsa daga baya. Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa ƙanena ba. Allah kaɗai na kai wa. Na ga idonsa ya yi ja a kwanakin nan, abinci ma sai ya ɗan taɓa ya ture, na kuma ji tausayinsa, amma tausayin bai goge abin da na gani a kan gadar nan ba.

Da watan ganin likita ya zagayo, ya tashi motar tun kafin mu shirya, ya kunna sanyi, ya zo ya ce, "Yalla, ta yi sanyi." Na ce masa halas, an gama, Inna ba ta ƙara shiga jif ɗin nan, na riga na kira ƙanena. Na zaci zai yi musu. Bai yi ba. Ya je ya kashe ta, ya naɗe keken da muke tura Inna a ciki ya cusa a bayan 'yar ƙaramar motar ƙanena, ya shiga gaba, gwiwoyinsa har suna tokare ƙirjinsa. Ƙanena ya buɗe baki zai fara tsiya, ya hango fuskata a madubi, ya haɗiye.

Bayan la'asar muka dawo, majalisar bakin shago ta cika. Wani ya leƙo, ya ƙara leƙowa, ya ɗaga murya: "A'a! Alhaji, kai ne a nan? Ina raƙumar?"

Baban yara ya ɗaga masa hannu kawai, sannan ya karkata ramin iskar sanyin ya saita shi baya, wajen Inna. Inna ta ja mayafinta ta ce sanyin nan ya yi yawa, a rage mata. Babu wanda ya taɓa maɓallin.