Rumbun Sandunan Mani

Mutanen ƙasar Arewa, can yankin Geceme, manoma ne tun kaka da kakanni. Idan ka ga magidanci a bakin tabki, to shanu ya kai shan ruwa, ko laka yake ɗiba. Amma a wani ƙauye kusa da Geceme akwai Mani, wanda gemunsa ya yi fari fat, kuma har yau in ruwa ya cika tabki sai ka same shi zaune a gindin gawo da sandar fatsa a hannu, yana kallon ɗan karan da ke yawo a kan ruwa kamar an ba shi ajiyarsa.

A Yawuri ya koyo abin. Yana saurayi ya tafi cin rani, ya faɗa hannun wani masunci, ya yi masa dakon kifi. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da keke, shi kuwa ya dawo da damin sandunan gora a kafaɗa da ƙugiyoyi a ƙunshe cikin tsumma. Mahaifinsa ya dube shi ya girgiza kai, ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ba a taɓa samun Mani da sakaci a gona ba, wannan kam a ba shi. Yana noma kamar kowa, yana girbi kamar kowa. Sai dai tsakanin kaka da lokacin da tabki ke janyewa, gidansa kan ci miyar tarwaɗa, maƙwabta kuma su ci dariyarsa, bayan sun aiko a sammusu.

Abin da ya dame shi shekara da shekaru shi ne wurin ajiye sandunan. Tabki wata kaɗan yake yi ya ƙafe, sauran shekara duka a kwance suke. Ya jingina su a bayan ɗaki, gara ta hau. Ya soke su a rufin zaure, zafi ya lanƙwasa su. Wata rana kuma ya dawo daga kasuwa ya tarar da matarsa Lantana ta ɗaura guda tsakanin shigifa da itacen darbejiya ta yi shanya a kai. Bai yi faɗa ba, don Mani ba ya faɗa, amma ranar ko tuwo bai ci da kirki ba. Gora irin wannan ba ta fita a ƙasarsu, kuma ƙafarsa ta daina zuwa Yawuri. Duk wadda ta lalace ta tafi ke nan.

Da ya rasa dabara, sai ya koma ga abin da ya sani. Mutumin Arewa in yana son ya tsare abu daga gara da ɓera da hannun mata, rumbu yake yi masa. Ya jera duwatsu a bayan gida, ya zuba toka a ƙarƙashi, ya kwaɓa laka da ciyawa ya fara ɗorawa zagaye bayan zagaye, yana barin kowane ya sha iska kafin ya ƙara. Ya ja shi sama sosai don sandunan su tsaya a miƙe. A ciki ya gitta itatuwa yadda kowace sanda za ta sami gurbinta ba ta goga 'yar'uwarta ba, ƙugiyoyin kuma ya soke su a jikin kara ya rataye. Ya shafe bayan sumul, ya ɗinka masa jinka sabuwa. Gaskiya rumbun ya yi kyau, ya fi na hatsinsa kyau nesa ba kusa ba. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, suna tambayarsa ko zakkar sanduna nawa zai fitar bana.

Kuskuren Mani ɗaya ne, bai dubi shekarar da ya yi ginin ba. Damina ta yanke da wuri, gero ya tsaya bai cika ido ba, kafin bazara rumbuna da yawa sun koma ɗakin kaji. Nasa ma saura ɗan abin da ke ƙasa, in ya ɗebo Lantana na auna shi da tafin hannu.

A cikin wannan hali ƙanwarsa Rakiya ta iso daga wajen Dumega. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, su biyu kaɗai suka rage. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, kuma ba mace ba ce mai roƙo, shi ya sa da Mani ya gan ta da buhu a naɗe a hammata gabansa ya faɗi. Bayan an gaisa an sha ruwa, ta sunkuyar da kai ta ce ko dami ɗaya ne ya taimake ta da shi. Ya gaya mata gaskiya, babu. Yana cikin magana sai ya ga idonta ya wuce kafaɗarsa ya sauka a kan sabon rumbu, dogo, a shafe, da jinkarsa tana ƙyalli a rana.

A nan ya kamata ya buɗe baki. Amma yaya dattijo zai dubi ƙanwarsa da 'ya'yanta ke kwana da yunwa ya ce mata ya ɓata kwanaki yana gina wa sanduna ɗaki? Kunya ta ɗaure masa harshe. Ita kuma ba ta tambaya ba, domin mace ba ta leƙa rumbun namiji, ko na mijinta, balle ta tambayi abin da ke ciki. Lantana ta bi ta har bakin hanya da ɗan garin da ta ƙulla mata, ta rantse mata cewa sandunan kamun kifi ne a ciki. Rakiya ta yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ta ce Allah ya bar su tare, mace ta gari ita ke rufa wa mijinta asiri. Wa zai yarda an yi wa sanda rumbu?

Daga ranar ƙafarta ta ɗauke. Salla ta zo ta wuce ba gaisuwa. In ya kira wayar maƙwabcinta, sai a ce ta tafi rijiya. Ya aika mata da saƙo ta bakin masu zuwa kasuwa, amsar da ta dawo ita ce tana gaishe shi, ta gode. Mani ya rame. Ya daina bi ta bayan gida don kada ya ga rumbun, har ya taɓa ɗaukar gatari zai rushe shi, Lantana ta riƙe hannunsa ta ce in ya rushe, da me zai nuna mata gaskiyarsa? Abin da ke cin ransa ba zagin kowa ba ne. Tsoronsa kada ɗayansu ya mutu Rakiya na ɗauke da cewa ɗan'uwanta ya hana ta hatsi yana da shi.

Rasuwar wata gwaggonsu ce ta dawo da ita garin, ana gab da shuka. Ta sauka a gidan makoki, ba ta ko dubi ƙofarsa ba. Da aka yi addu'a aka watse, Mani ya je ya tsaya a bakin zauren, ya aika a kira ta. Ta fito tana gyara lulluɓi, ta gaishe shi kamar baƙo.

"Taho mu tahi gida, in gwada miki wani abu," ya ce.

"Yaya, mi za ka gwada mini? Na ce na gode."

"Don darajar wadda ta haihe mu."

Wannan ce ta sa ta biyo shi. Ya kai ta bayan gida, ya jingina tsani a jikin rumbun, ya ce ta hau ta duba. Ta ja da baya, ta ce ita ba a yi mata wannan tarbiyya ba. Sai ya hau da kansa, ya ture jinkar ta faɗo ƙasa. Ya zura hannu ya zaro sanda, ya miƙo mata. Ya zaro wata. Haka ya yi ta zarowa tana karɓa tana ajiyewa, har da karan ƙugiyoyi, har ya kife rabin jikinsa a ciki ya shafo ƙasan rumbun ya nuna mata tafin hannunsa. Toka ce kawai.

Ya sauko yana haki, yana jiran ta yi dariya ko ta zage shi, kowanne ta yi zai karɓa da godiya. Rakiya ta daɗe tana kallon sandunan a gaban ƙafafunta. Sannan ta dubi tsohon rumbun hatsin da ke gefe, wanda jinkarsa ta zube ba a ko damu da gyarawa ba, ta dubi wuyan ɗan'uwanta yadda ya zurma a cikin riga. Sai ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da gyale.

"Rakiya, ki gahurta mini. Kunya ta hana ni hwaɗi."

"Da ma rowar ce ka yi mini, Yaya," ta ce. "Ina hushi da kai, amma kullum in na kwanta sai in ce, ko ba komi gidanmu ana cin tuwo. Ashe ku ma da yunwa kuka kwana."

Mani ya tsuguna kusa da ita a cikin sandunan, suka yi kukansu tare, Lantana kuma ta koma madafa ta ƙara ruwa a tukunya don kunun ya ishi mutum uku.