Yadda Na Ɗauko Irin Shinkafa Daga Kafin Hausa

Fita daga Haɗeja

Ana idar da sallar asuba na ja jakinmu Auraki muka fita, ni da shi kaɗai. A lokacin ko azumi ban taɓa cikawa ba. Shekarar fara ta yi mana ɓarna, yunwa ta sa muka cinye har irin shinkafar da Baba ya ajiye. Ga damina ta faɗi, ga kurkunu ya fito masa a ƙafa, ko zaure ba ya iya zuwa. Shi ne ya ce, "Habu, za ka Kafin Hausa wurin gwaggonka Hajara, ta yi mini alkawarin iri. In ruwan kogi ya riga mu shiga fadama, bana ma ba mu da shinkafa."

A bakin ƙofar gari wani dogari ya tare ni. "Kai, ina za ka da jakin mutane?"

"Na babana ne, ranka ya daɗe."

Ya ƙare mini kallo, ya ce in wuce. Gaba kaɗan motar wani Bature ta taho da ƙugi, Auraki ya yanka cikin gonar gero da ni. Wallahi ranar na zage shi tas.

Da hantsi muka kai mashayar kogi. Ruwa iyakarsa gwiwa, mai fito yana zaune kan gorarsa ba aikin yi. Ya ce, "Samari, ka yi sauri ka komo. An yi ruwa a yamma, yana tafe."

Kafin Hausa

Na sha fura a Auyo, na isa Kafin Hausa rana tana faɗuwa. Gwaggo Hajara ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! Wannan tsinken yayana ya aiko mini?" Ta ajiye mini tuwon gero da miyar kuka, har da busasshen kifi. Rabona da ƙoshi irin wannan na manta.

Da safe ta cika taiki biyu da iri, amma ta ce ba inda za ni. Wai ɗan ɗan'uwanta ba zai kwana ɗaya ya tafi ba, mutane su ce ta kore shi. Na gaya mata maganar mai fito, ta ce, "Kogin jiya aka haife shi?" Raina ya ɓaci ƙwarai, amma yaro ba ya ja da gwaggonsa. Haka na wuni ina kallon gabas da yamma, hadari sai haɗuwa yake.

Komowa

Washegari tun da duhu na ɗaura kaya. Da azahar muka iso mashaya. Inda na taka da ƙafa, yanzu jan ruwa ne yana gudu da karare da kumfa.

Mai fito ya ce, "Ai na faɗa maka. Sauke kayan."

Ya sa taikunan cikin wani ƙaton masaki yana turawa yana iyo. Ni kuma ya ba ni gora na rungume, igiyar Auraki a hannuna. Tsoro kam na ji shi. Muna tsakiya, wannan jaki mai baƙin hali ya kai shuri, ya sami masakin. Ruwa ya kwarara ciki kafin mai fito ya daidaita shi.

A gaɓa na kwance bakin taiki na tura hannu. Sharkaf, duka biyun. Sai na fashe da kuka.

"Kukan me?" in ji mai fito. "Share hawayenka. Bai lalace ba tukuna. Amma ka ga hadari, ba ranar shanya. Jiƙaƙƙen iri ba ya kwana a taiki, ko ƙasa ko ruɓa. Tashi!"

Gida

Na shiga gida da la'asar, ƙafafuna duk sun faffashe. Inna ta miƙo ruwa, ban ko zauna ba na faɗa wa Baba abin da ya faru. Ina jiran faɗa, sai ya damƙi irin ya shinshina, ya ce, "Ku ɗora ni a jaki."

A gidanmu ba wanda ke yafa iri sai maigida, haka muka tarar. Mu yara iyakarmu ɗaukar ƙwarya. Muka kai Baba bakin gona, ya yunƙura zai sauka, ƙafa ta ƙi. Ruwa kuwa har ya fara kwanciya a ƙasan fadama.

Ya cika ƙwarya da iri ya miƙo mini.

"Baba, ban iya ba."

"Hannun da ya ƙetaro da shi, shi zai yafa shi. Yi bisimilla. Kada ka dunƙule, saki hannu."

Na yafa har magariba, yana kan Auraki yana cewa nan ya yi yawa, can ya yi kaɗan. Muna juyawa gida aka tsuge da ruwa.

Shinkafar ta fito wani wuri cunkus, wani wuri kamar kan mai sanƙo, maƙwabta suka yi ta yi mini dariya. Amma ita muka ci har wata damina. Na gode wa Allah, na gode wa Gwaggo duk da ta ɓata mini rai, da mai fiton nan da ban ko tambayi sunansa ba. Ƙafar Baba ta warke kafin girbi, amma bai sake karɓar ƙwaryar nan daga hannuna ba.