Ciwon Bayan Falwaya

Ana ce masa Falwaya saboda irin tsayuwarsa: ƙirji a gaba, haɓa a sama, kai ka ce taɓarya ya haɗiya. Malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare, kuma shi a duniya bai yarda akwai ciwo ba, sai dai son jiki.

A gidansu kuwa ciwon baya da na gwiwa kowa da rabonsa. Babansu, mai gyaran agogo, ya tanƙware tun bai yi furfura ba. Yayarsa, mai ɗinki, sai ta dafa keke kafin ta miƙe, gwiwoyin na ƙara kamar tsohuwar ƙofa. In Falwaya ya je gaishe su, ba sannu yake kai musu ba, wa'azi ne.

"Baba, zama ne ya cinye ka. Da kana zagaya fili da safe, da tuni ka jefar da sandar nan."

Tsohon yakan ɗago ido daga agogon da ya buɗe ya ce, "Allah ya bar ka a miƙe." Har ya rasu bai taɓa ƙara masa kalma a kai ba.

Shekaru suka ja. Wata safiya yana gaban ɗalibai, ya sunkuya zai nuna musu yadda ake taɓa yatsun ƙafa, sai bayan ya riƙe. Ya yi ya yi ya ɗago, ya kasa. A sunkuye ya busa usur ya sallami ajin, sannan ya bi bango har ofishin malamai, yana yi kamar fenti yake dubawa.

Katifa ya fara ɗora wa laifi, aka fitar da ita. Sai takalmi, sai kujerar ofis, sai ramukan hanya. Ya samo ɗamara mai faɗi yana ɗaurawa a ƙarƙashin riga, yana gumi yana cije baki. Sai da ƙafar hagu ta fara mutuwa sannan matarsa ta tasa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar ta ɗaga hoton ƙashin bayansa a haske ta ce, "Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai guringuntsi, kamar matashi. Ƙwayoyin halittar da ke raya shi suna da lokacin mutuwarsu. A wasu dangin sukan riga lokaci, sai matashin ya lotse. Akwai masu irin wannan a gidanku?"

"Babu," in ji Falwaya.

"Babansa da yayarsa," in ji matar, "da baffansa ma."

Likitar ta ce, "Motsa jikin ya taimake ka, amma ba ya goge gado."

Rabin farko na maganar kaɗai ya shiga kunnensa. Da ya ɗan sami sauƙi ya nufi shagon yayarsa, matarsa na murna ta ɗauka haƙuri zai ba yayar. Ya zauna a benci da dabara, gefe ɗaya tukuna, ya gyara murya.

"Yaya, nawa an bincika. Na ƙwayoyin halitta ne, likita ta ce ba laifina ba ne. Naki kuwa, gaskiya, har da zama."

Ta tsayar da keken ta dube shi ta saman tabarau. "Ciki ɗaya muka fito, amma naka ciwon ne ya yi boko? To, ƙanena, miƙo min almakashin nan da ya faɗi."

Ya dubi almakashin a ƙasa, ya dubi ƙofa, ya ce yana da taro.

Daga baya makaranta ta mayar da shi ɗakin karatu, tun da fili ya fi ƙarfinsa. Can yake yanzu, a kan matashin da yayar ta ɗinka masa da guntayen yadi. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce kujerar ce gajera.